Zubi da Kwasa a Gonakin Sarkin Yamma

Duk macen da ta taɓa riƙe adashi ta san abin da ke kashe shi, kuma ta san yawan hannuwa ba ya cikin lissafin. Mata goma da ke zuba jika-jika kowace Juma'a, mai kwasa jika goma take ɗauka. In suka zama talatin, jika talatin za ta ƙulle a bakin zane, ta tafi kasuwa ta jawo akuya. Don haka uwar adashi ba ta fargabar sabuwar fuska. Wadda take tsoro ita ce wadda ta kwasa tun zagayen farko, daga nan kuma duk ranar zubi sai an nemo ta: yau yaro ba lafiya, gobe maigida bai aiko daga Legas ba. In irinta suka kai uku ko huɗu, sauran ma sai jikinsu ya yi sanyi, kowa ta riƙe kuɗinta ta ga abin da zai faru. Adashi ya watse, a bar uwar adashi da rantse-rantse.

A ganina zaman da ke tsakanin mutanen Sarkin Yamma da ƙasarsu irin wannan zama ne. Ƙaramar hukumar tana ƙetaren Gulbin Maraɗi, kudu maso yamma da birnin Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa. Kowace kaka ana kwasa: damman gero, dawa, wake, gyaɗa, harawa, kara, itacen girki, ganyen miya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa ke zubi, kuma me yake zubawa.

Masu rubuta rahoto daga Yamai ko daga Turai sukan fara da ƙidaya, kuma ƙidayar ba ƙarya ba ce. A 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗoriya. A 1988 sun haura miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 miliyan 17, yau kuwa an wuce miliyan 25. Jihar Maraɗi kaɗai ta tashi daga miliyan 2.2 a 2001 zuwa miliyan 3.4 a 2012, kuma mafi yawan waɗannan mutane a kudu suke cunkushe, inda damina ke isa noma. Da irin wannan gudu, jama'a na ninkawa kafin jaririn da aka raɗa wa suna ya cika shekara 20. Binciken lafiya na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, ta jihar Maraɗi kuma fiye da 8. Sai dai haihuwa da yawa ba yau aka fara ta ba. Abin da ya sauya shi ne yaran sun daina mutuwa kamar da. A binciken 1992, kusan yaro ɗaya cikin uku ba ya kai shekara biyar. A 2012 abin ya dawo wajen ɗaya cikin takwas, albarkacin rigakafi, gidan sauro, da maganin yara kyauta da aka fara a 2006. Wanda ya ga shekarar ƙyanda, ya ga yadda ake fita da ƙananan gawarwaki biyu uku daga gida ɗaya cikin mako guda, ba zai buɗe baki ya kira wannan matsala ba. Hannuwa sun ƙaru, alhamdu lillahi. Saura maganar zubi.

A ƙarni na 19, bayan jihadi ya kori sarakunan Katsina suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri, jama'a a bakin gulbi suke tattare, bayan ganuwa da kafi, don tsoron hari. Jigawa daji ce, ta mafarauta da namun dawa. Da Faransawa suka zauna da gindinsu a farkon ƙarni na 20, yaƙe-yaƙe suka lafa, sai mutane suka hau tudu. Magidanci ya ɗauki gatari da iyalinsa, ya haƙa rijiya, ya sari daji gwargwadon ƙarfinsa. Ya noma shekara huɗu ko biyar, gona ta gaji, ƙuduji ya fara jan ido a gindin gero, sai ya bar ta saura ya matsa gaba. Cikin shekarun da ba ya nan, sabara da kalgo da gamba su rufe wurin. Ganye ya zuba, gara ta ja shi cikin ƙasa, ƙurar hunturu ta maƙale a gindin ciyawa maimakon ta wuce. Ya dawo bayan shekara goma ya tarar da gona sabuwa fil, bai kashe ko dala ba. Bayan girbi kuma Bafulatani ya sauka da garkensa a kan gonar, shanu su ci kara su bar kashi, mai gona ya ba shi damin gero na godiya, matan ruga su shiga gari da nono. To, masu zubi ke nan a wancan zamani, daji da shanu. Manomi kwasa kawai ya sani, bai ma san yana cikin adashi ba, don wasu ke biya masa.

Gyaɗa ce ta fara taɓa wannan tsari kafin yawan jama'a ya ƙarasa shi. Bature ya ce haraji da kuɗi za a biya, kuɗi kuwa a gindin gyaɗa suke. Kamfanoni suka buɗe sikeli, manyan motoci suka riƙa jigila zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano, a nan ne alhazan Maraɗi da yawa suka yi arzikinsu na farko. Bayan samun 'yanci gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗar. Kowa ya faɗaɗa gona. Malaman gona suka zo da garmar shanu, ita kuwa garma ba ta shiri da kututture, don haka aka koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, babu ko tsinke. Gyaɗa kuma tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya, ƙwaya ta tafi Faransa, harawa ta hau rumfa, ƙasa ta kwana tsirara duk rani. Zuwa shekarun 1970, kamar yadda Claude Raynaut da abokan aikinsa na jami'ar Bodo suka rubuta a kan yankin Maraɗi, dajin da za a sara ya kusa ƙarewa, hutun gona ya taƙaita, a wasu wurare ma ya ɓace. Mai biya mana zubi ya fita daga adashi, mu kuwa ba mu rage kwasa ba.

Fari na 1973 da 1974 ya tona asirin. A 1975 cuta ta kashe gyaɗa. A 1984 aka shiga yunwar da mutanen nan ke kira El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Buhari. Tsofaffi na tuna yadda iska ke tasowa farkon damina ba abin da zai tare ta, yashi ya yanke tsiron gero ko ya binne shi, a sake shuka sau biyu sau uku, iri ya ƙare a rumbu. Amma abin da ya fi nuna inda aka kai, a murhu yake. Da itace ya yi nisa, mace ta koma girki da kara. Da kara ya ƙare, ta aiki yara su tono tushiyar gero, su tsinto busasshen kashin shanu a kwando. Waɗannan su ne ɗan abin da ya rage wa gona ta ci. Wato an kai matsayin da ake kwance ƙullin zubi a dafa tuwon dare da shi. Ba wanda zai ga laifinta, yara na kuka, tukunya na jira.

Nan ne maganar uwar adashi ta shigo, kuma a nan nake ganin masu ɗora komai a kan haihuwa suke kuskure. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, har wadda Nijar ta yi a 1974, manyan itatuwa irin su gawo a hannun hukuma suke. Ko a tsakiyar gonar gadonka itacen ya tsiro, ba ka da ikon sare reshensa sai da takarda, in ba haka ba ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Mai hankali ya duba ya ga in ya bar ɗan gawo ya girma, ya jawo wa kansa mai kaki ke nan har gona. In ma mai kaki bai zo ba, wani zai biyo dare ya sare, tunda itacen ba na kowa ba ne. Sai ya sa hauya ya kashe shi tun yana ƙarami. Ba jahilci ba ne, lissafi ne, irin na macen da ta ga uwar adashi na karɓar kuɗi amma ranar kwasa ba ta zuwa. Ita kuwa hukuma ta dage da nata salon: gandun renon itatuwa, dashen bedi da turare, bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, har da babban taron yaƙi da hamada da shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kountché, ya kira a Maraɗi a watan Mayun 1984. An dasa da yawa. Akasari awaki da rani suka cinye, don ba mai shayar da abin da ba nasa ba.

Labarin yadda abin ya juya sananne ne. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya sha wahalar dashen da ba ya kamawa. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake. Ba a bukatar dashe, reno kawai ake bukata. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Da abinci ya ƙare, da yawa suka sare nasu, wasu ma suna yi wa masu bari dariya, wai ƙazaman manoma. Waɗanda suka daure suka ga iska ta rage musu ɓarna, ga itace a kusa. Jami'an gandun daji na yankin suka sassauta, sannan rikicin siyasa da talaucin gwamnati na shekarun 1990 suka rage zirga-zirgar masu tara a karkara. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka biyo baya. Kada dai a mayar da shi labarin Bature ɗaya: manoma sun san kututture na toho tun kafin a haife shi, kuma a ƙasar Damagaram, inda ake ba da labarin Sarki Tanimu ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani, abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Abin da ya sauya shi ne mutum ya gaskata cewa in ya zuba, shi zai kwasa.

Sassaben zamani, kamar yadda ake kiransa, aiki ne na ido da haƙuri. Wajen watan Afrilu, rana na dukan ƙeya, uba da ɗa su tsaya a kan kututturen kalgo da ya fito da toho kusan ashirin.

"Baba, in share duka?"

"A'a. Bar wannan miƙaƙƙen, da wancan, da na bayansa. Sauran ka ɗebe. Daga ƙasa za ka ɗaga gatarin sama, kar ka sara ƙasa ka yage ɓawon."

Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu, a bar kan. Wani ya ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Rassan da aka cire, ganyen ya zube a gona, itacen ya tafi murhu. Baɗi a sare ɗaya cikin ukun a yi dirka ko ƙotar fartanya, a bar wani sabon toho ya maye gurbinsa. Ana ci, abin kuma bai ƙare ba. Gawo ya fi kowa biyan bashi: da damina, lokacin da gero ke son rana, shi yake zubar da ganye ya tsaya fayau, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Ko yaro ya san geron gindin gawo ya fi na fili kauri.

Da masu bincike, Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka da Chris Reij da Mahamane Larwanou, suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000, sun ƙiyasta gonaki hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin da ya ba su mamaki shi ne itatuwan sun fi yawa inda mutane suka fi yawa. Uwar adashi ba za ta yi mamaki ba. Inda gona ta yi ƙaranci ne mutum ke lallashinta. Shi ne za ka ga amalanke tun da asuba, an loda sharar gida da toka da kashin awaki za a kai gona, a zuba tsibi-tsibi. Shi ne za ka ga mai ƙaramin ƙarfi ya sayi tiya biyu ta takin zamani, yana auna shi da murfin kwalba rami-rami, don ba shi da halin watsawa. Kakansa bai taɓa yin wannan wahala ba, kuma da ya gani zai ce jikansa ya haukace.

Zan so in tsaya a nan in ce magana ta ƙare lafiya, amma akwai inda gona ta bambanta da adashi. Kuɗin adashi na ƙaruwa da kowace sabuwar shiga, faɗin gona kuwa yana nan yadda Allah ya yi shi. Ɗauki magidanci mai hekta 6, ya rasu ya bar maza biyar da mata huɗu. Ranar rabo malam ya zo, dattawa su ja igiya, a kafa gamba ko a dasa cini-da-zugu a kan iyaka. Ba namijin da zai tashi da hekta guda cikakkiya. Kowannensu kuma yana da nasa 'ya'yan da ke tasowa. A zagaye na gaba, abin da zai faɗo wa jika bai wuce wurin da zai nome kafin hantsi ba. Ko ya cika shi da gawo, ko ya kwana yana zuba taki, geron da zai fito ba zai kai shi watan azumi da iyali ba in azumin ya faɗo nesa da kaka. Itace na gyara ƙasa, ba ya ƙara mata tsawo. Shi ya sa da an ɗaure dami samari ke kama hanyar cin rani, Kano, Abuja, Legas, Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya, kuma kuɗin da suke aikowa na cikin abin da ke riƙe gidajen. Yunwar 2005, wadda jihar Maraɗi ta fi kowa ɗanɗanawa, ta zo ne bayan itatuwan sun dawo. An ce garuruwa masu itace sun fi jurewa, don sun sami itace da ganyen sayarwa, amma cibiyoyin tamowa sun cika duk da haka.

In wuri ya ƙure, mai rauni ake fara turewa. A al'adar ƙasar nan, bayan gandun gida, maigida kan yanka wa matarsa da samarin gida gamana, ɗan fili da za su noma wa kansu. Daga nan mace ke samun kuɗin sabulu, na biki, da hatsin da take ɓoyewa don ranar da rumbun gandu ya yi ƙasa. Marthe Diarra da Marie Monimart, a binciken da suka wallafa a 2004 kan kudancin Maraɗi, sun nuna yadda gamanar mata ke ɓacewa a wurare irin su Jiratawa, har aka sami abin da ake kira kullen gona: a ce mace ta huta a gida don mutunci da addini, alhali gaskiyar magana babu filin da za a ba ta. Yarinya ta tashi ba ta iya riƙe hauya ba, a aurar da ita da wuri don a rage baki. Abin takaici, waɗanda aka fitar su ne suka fi kowa sanin ka'idar zubi. A jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da daga baya ƙasashe da dama suka kwafa. Matan ne kuma ke sanin wane itace ke ba da ganyen miya, wanne ke maganin zawon yara, wanne hayaƙinsa ke ɓata tuwo. Wasu ƙungiyoyin matan sun fara haɗa kuɗi su karɓi hayar gona tare, wasu kuma na zuwa gaban malamai da hakimai neman kason gadon da shari'a ta ba su, wanda a da 'yan'uwa maza ke riƙewa da sunan ai tana gidan miji.

Na biyu da aka ture shi ne tsohon mai zubi, makiyayi. Burtali ya tsuke, kowane mai gona na ɗan cin taku ɗaya duk shekara har shanu ba sa iya wucewa sai a jere. Makiyayar da ta rage, garmani ya mamaye ta, ciyawar da dabba ba ta so. Kara da a da ake barin shanu su ci a gona, yanzu kwashe shi ake yi a jibge a kan itace ko rumfa, don manomi ma ya zama mai kiwo, abin da ya rage kuma kuɗi ne a kasuwa. Bafulatani ya zo ya tarar ba kara, ba hanya, ga wake bai gama bushewa ba. Mutanen jihar nan ba su manta da Toda ba, a ƙasar Gidan Rumji, inda a watan Oktoban 1991 aka kashe fiye da mutum ɗari, akasari mata da yaran Fulani, a kan rikicin da ya samo asali daga ɓarnar gona. Tun daga nan an shata burtuloli da dama an kafa musu alamun siminti, amma alama ba ta hana fartanya in ba mai tsaron ta.

Akwai kuma mai kwasa da hannu da yawa wanda ba a ganinsa ranar zubi, shi ne birni. Maraɗi ba ta kai mutum dubu 50 ba a 1977, a 2012 ta haura dubu 260, kuma har gobe yawancin tukwanenta da itace ake hura su, haɗe da na masu gashi da masu burodi. Wannan itace daga karkara yake zuwa, da jakuna da amalanke da manyan motoci, wani kaso mai yawa daga dajin Baban Rafi da ke kudu wajen iyaka, dajin da a da giwaye ke shigowa daga Najeriya. Gatari na cinsa ta ciki, gonaki na cinsa ta baki. Dokar 1992 ta kawo kasuwannin itace na karkara, inda mutanen ƙauye ke da ikon saran yankinsu bi da bi, da ƙayyadadden adadi, su sayar wa masu motoci, wani kaso na harajin ya dawo wa gari da gyaran daji. Tunani ne mai kyau, don ya mayar da masu daji masu rabo. Inda aka riƙe amana ya yi aiki, inda shugabannin kasuwa da masu motoci suka haɗa baki kuma an sari abin da ya fi ƙa'ida. Yanzu ma wata masifa ta shiga: 'yan bindiga masu satar shanu da mutane sun mayar da dazukan iyaka maɓoya, manoman bakin daji na barin gonakinsu su matso cikin gari, ga 'yan gudun hijira da suka kwararo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, kowa kuma sai ya hura wuta. Matatar mai ta Damagaram da ta fara aiki a 2011 na fitar da iskar gas, kuma a birni tukunyar gas ta shiga gidaje da dama. Amma mai sayen itacen dala ashirin kullum ba ta da kuɗin tukunya a dunƙule.

Birnin ba itace kaɗai yake ɗauka ba. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci mai albashi na jiran shekarar da damina ta gaza, ya sayi gonar talaka ko ya karɓe ta jingina, mai ita ya dawo ɗan ƙwadago a cikinta. Abin da birni ke mayarwa kuwa, a cikin takin bola da ake kaiwa gonakin kusa, rabi leda ce, ta hana ruwa shiga ƙasa, mahauta su riƙa ciro ta dunƙule a tumbin akuya, duk da dokar hana ta da aka yi a 2014.

Gulbi ma haka. Tun da aka datse shi a Jibiya wajen 1990, ambaliyar da ke shimfiɗa sabon laka a fadama kowace damina ta ragu. Masu lambu suka koma injin ban-ruwa, zogale da tumatir da albasa na fita, kuɗi na shiga, kowa na zuƙa daga ruwan ƙasa ɗaya ba mai auna abin da ya rage. Tafkin Madarunfa, mai kaburburan waliyyai a kewayensa, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2019, yashin da ruwa ke wankowa daga gonaki na cike shi sannu a hankali. In kuma ruwan ya zo da yawa lokaci guda, kamar na ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidaje ya ci rayuka a Maraɗi, ƙasar da ba ta da abin riƙe shi sai ta tura shi kan mutane.

A watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta amince cewa manomin da ya reni itace a gonarsa shi ke da hakkin amfana da shi. An daɗe ana jiran wannan. Sai dai ta fi amfanar mai gonar kansa, alhali masu noma gonar aro da haya da jingina kullum ƙaruwa suke. Irin wannan manomi ba ya barin toho, don mai gona zai ɗauka yana neman kafa hujjar mallaka ne, ya karɓe abinsa. Ba ya kuma kai taki da yawa, don ya sha ganin wanda ya wahala ya gyara gona, da gero ya yi kyau sai mai ita ya ce baɗi ɗansa zai noma. Dokar karkara ta tanadi hukumomin filaye tun daga gunduma har ƙauye, masu ikon rubuta takardar aro ko haya da shaidu. In takardar ta faɗi shekara nawa, biyar ko bakwai, ta kuma faɗi wa ke da reshe wa ke da gindi a itacen da aka rena, mai haya zai iya lissafin ko wahalarsa za ta dawo masa. Yawancin irin wannan ciniki har yanzu da baki ake yinsa, a zaure, bayan sallar isha'i, shekara ɗaya-ɗaya.